Waƙar samari za ta iya kusanto da manomi da makiyayi? Neman shawara daga ƙasar Haɗeja

Ɗan Fadama, Kiri Kasamma, ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida iyayenmu da malamanmu da yayyenmu da ke wannan zaure, kuma ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya raba kan mutanen garinmu tun kafin a fara shi.

Mu samari ne daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Kiri Kasamma, kuma mun daɗe muna haɗuwa muna waƙa. Akwai Hausawa a cikinmu, akwai Bamange wanda ya gaji kiɗan ganga a gidansu, akwai kuma Bafulatani mai busa sarewa daga rugar da ke yamma da gari. Sha'awa ce ta haɗa mu da farko, domin wasunmu tare muka yi firamare, wasu kuma a shagon cajin waya muka saba. Amma duk wanda ya san yankinmu ya san abin da kaka take zuwa da shi. Da zarar ruwa ya ɗauke, shanu suka fara gangarowa fadama alhali wake da dawa suna gona, sai zaman ɗar-ɗar ya dawo, a daina gaisawa a kasuwa, wata shekarar har a kai ga sanda da kibiya da ƙone bukkoki. Niyyarmu ita ce mu shirya waƙoƙi a kan zaman tare, da Hausa da Fulatanci da Manganci, mu je Haɗeja mu ɗauka a situdiyo, sannan bayan an gama girbi mu yi taro a filin makaranta, mu gayyaci gari da ruga.

Da muka tuntuɓi manya sai amsoshin suka sha bamban. Bulama bai hana ba, bai kuma ce a yi ba. Liman ya nuna cewa ba ya son a tara jama'a a kan kiɗa. Kawuna, wanda shanu suka cinye masa wake bara, ya ce mini waƙa ba ta biyan ɓarna. Mahaifin abokinmu mai sarewa kuwa ya ce yana tsoron a kira su cikin gari a mayar da su abin dariya.

Shin akwai inda waƙar matasa ta taɓa kawo fahimta ta haƙiƙa tsakanin al'ummomi, ko kuwa kanmu muke yaudara? Idan akwai amfani, ta ina ya dace mu fara?

Tsohon Hedimasta, Haɗeja, ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi muku albarka. Tambayarka ta farko tana da amsa, sai dai amsar ba ta kai girman abin da masu jawabi a wurin taro suke faɗa ba.

A shekarar 1999, a garin Weimar na ƙasar Jamus, wani makaɗi Bayahude mai suna Daniel Barenboim da wani malamin jami'a Bafalasɗine, Edward Sa'id, sun tara matasan makaɗa daga Isra'ila da Falasɗinu da wasu ƙasashen Larabawa, suka zama ƙungiya guda wadda ta yi ta yawo a duniya tana wasa. Kowa ya san cewa yaƙi bai tsaya a wannan yanki ba, kuma shi kansa Barenboim ya sha faɗa cewa ƙungiyarsa ba za ta kawo sulhu ba, jahiltar juna take yaƙa. Abin da aka samu shi ne, yaron da aka rena a kan cewa wancan maƙiyinsa ne ya zauna kusa da shi tsawon makonni, ya zama dole ya kasa kunne ga abin da yake bugawa domin kada kiɗan ya karkace. Wanda ya yi haka, da wuya daga baya a gamsar da shi cewa mutanen can duk halinsu ɗaya.

Ruwanda ta nuna fuska biyu na wannan al'amari. A kisan kiyashin 1994 an yi amfani da rediyo da waƙoƙi wajen zuga mutane, har kotun duniya da ta zauna a Arusha ta yanke wa wani fitaccen mawaƙin ƙasar ɗaurin shekara 15 a 2008 saboda tunzura jama'a. Bayan haka, daga 2004, aka fara wani wasan kwaikwayo na rediyo a kan sulhu, wata mai bincike kuma, Elizabeth Paluck, ta bi masu sauraronsa na tsawon shekara guda, ta wallafa sakamakon a 2009. Ta gano cewa abin da mutum ya ƙudurta a zuciyarsa bai sauya sosai ba, amma abin da yake ganin jama'arsa za su yarda da shi ya sauya, haka ma yadda mutane suke fitowa fili su faɗi saɓanin ra'ayi da yadda suke haɗa kai a kan matsala. Ni abin da na ɗauka a nan shi ne, waƙarku ba za ta huce wa kawunka haushin wakensa ba, amma tana iya sa saurayi ya ji nauyin miƙewa a majalisa ya ce a je a ƙone ruga, domin ya san ba kowa ne zai tafa masa ba. A wurina wannan ya isa dalilin yin aikin.

Mu dawo gida, inda kuke da gadon da wasu ƙasashe ba su da shi. Fulani da Barebari abokan wasa ne tun kaka da kakanni, Mangawa kuwa reshen Barebari ne, saboda haka mai gangarku da mai sarewarku suna da lasisin tsokanar juna da al'ada ta ba su. Wannan barkwanci yana da daraja har UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya irin na Jamhuriyar Nijar cikin jerin al'adun duniya a 2014. Baiti guda da za a ji Bamange yana tsokana, Bafulatani yana ramawa, jama'a suna dariya tare, zai fi dogon wa'azi shiga kunne. Sai dai ku tuna cewa kiɗan ƙasar nan bai taɓa zama na sulhu kaɗai ba. Gangar da take tashin samari a gonar gayya tana da 'yar'uwa da take zuga 'yan tauri, kuma tun zamanin jam'iyyun NEPU da NPC waƙar siyasa take raba wa da ƙani. Makaɗi yana da ikon kunna wuta kamar yadda yake da ikon kashe ta, mutanen gari kuma sun san haka, shi ya sa bulama ya yi shiru yana kallonku.

Shawarata ita ce ku ɗauki ƙungiyar taku da muhimmanci fiye da taron. Ku riƙa yin gwaji yau a gari, gobe a ruga, ku ci abincin juna a gaban mutane, kuma kada ɗayanku ya zama ado wanda ake kira domin a ce akwai Bafulatani a ciki.

Malamin Gona, Auyo, ya amsa:

Ranka ya daɗe Hedimasta, bayaninka ya ilimantar, amma ka yi mini izini in tsaya a gefen kawun yaron nan. Na yi aikin gona a ƙauyukan fadamar nan, kuma ban taɓa ganin rikicin da ya tashi saboda manomi bai san cewa Bafulatani mutum ba ne. Sun san juna sarai, har sunan kakannin juna sun sani. Ƙasa ce ta yi kaɗan, ruwa kuma ya canja hali.

Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ambaliyar da take shayar da fadamar Haɗeja zuwa Nguru ba ta koma yadda take ba. Wani wurin ya bushe, wani wurin kuma ruwa ya zauna shekara cur, ciyawar kacala ta toshe hanyoyinsa, ta cinye gonaki da wurin kiwo da wurin su gaba ɗaya. Fadamar da a da ake barin ta ga shanu da rani, yanzu injin ban-ruwa ya mayar da ita gonar shinkafa da alkama da tattasai, kuma ba laifin manomi ba ne, bakunan da yake ciyarwa ne suka ƙaru. Dokar makiyayai ta Jihar Arewa tana nan tun 1965, amma da yawa daga wuraren da aka ware ba a tabbatar da su a hukumance ba, burtali kuma kowace damina sai an ɗan ci gefensa, har ya zama garke ba zai wuce ba tare da ya taɓa shuka ba. A da manomi ne yake roƙon makiyayi ya sauka a gonarsa bayan girbi, shanu su ci kara su bar masa taki, har ya haɗa masa da damin gero. Yau akwai takin zamani, harawa da kara da ƙaiƙayi kuma sun zama kuɗi, ana ɗaurewa a kai kasuwa. Ga wake da kankana da zoɓo da suke daɗewa a gona har cikin sanyi, daidai lokacin da garkunan da suka yi damina a arewa suke saukowa.

Saboda haka, ƙanena, idan waƙarku ta maimaita cewa zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki sau ashirin, babu wanda zai musa muku, babu kuma wanda zai janye kunyarsa daga burtali ko ya hana yaronsa kiwon dare. Ban ce ku fasa ba. Cewa na yi ku sa kaya a cikin waƙar. Ku faɗi lokacin da aka amince a saki gonaki, ku ambaci inda burtali ya bi daga wace mashaya zuwa wace, ku faɗi wurin wanda ake kai ƙara idan an yi ɓarna da waɗanda suke zuwa su kimanta ta, ku kuma faɗi cewa wanda ya nome hanyar shanu shi ma mai laifi ne. Jihar Jigawa tana da hukumar da aka kafa domin sasanta manoma da makiyaya, akwai kuma zaman da hakimai da ardoɗi suke yi kafin kaka, amma abin da aka yanke a irin wannan zama sau da yawa a zauren yake kwana, yaron da yake riƙe da sanda a bayan shanu bai ji ba. Shi wannan yaron yana da waya da memori, da rediyo rataye a kafaɗa. Nan ne kuke da aikin da takardar hukuma ba ta iya yi.

Lokacin da kuka zaɓa ma bai yi ba. Taron bayan girbi taron bayan faɗa ne. Waƙar ta kamata ta shiga wayoyi tun ana girbin gero a watan Satumba, ku kai ta wurin masu tura waƙa a kasuwannin ƙauye, ku nemi wanda zai kai ta kasuwar dabbobi ta Maigatari ranar Alhamis, inda makiyayan Nijeriya da na Nijar suke haɗuwa, ku kuma gwada gidajen rediyon Dutse da Haɗeja.

Ɗan Ardo, Birniwa, ya amsa:

Ina gaida Baba Hedimasta da Malam. Ni a ruga aka haife ni, makarantar 'ya'yan makiyaya na fara, irin waɗanda aka buɗe bayan kafa hukumarsu a 1989, kuma ina ganin na fahimci abin da mahaifin mai sarewa yake nufi fiye da yadda aka ɗauka.

Yawancin waƙoƙi da wasannin da na ji a kan zaman lafiya, Bafulatani ne ake yi wa nasiha a cikinsu. Manomi shi ne mai haƙuri, makiyayi shi ne wanda ake roƙo ya daina, sannan a kwaikwayi karyayyar Hausarsa domin jama'a su yi dariya. Wanda ya zo daga ruga ya ji haka zai yi shiru saboda kunya, ya koma gida, ba zai kuma sake amsa gayyata ba. Mu ma muna da abin faɗa. Ana kewaye mashayar da kakanninmu suka shayar da shanu, ana sare ƙafar saniya, ana yanka tarar da ta ninka ɓarnar sau da yawa domin an san mai shanu yana da abin sayarwa. Abin da ya fi ciwo shi ne, baƙon makiyayi zai shigo da dare ya yi ta'adi ya wuce kafin gari ya waye, da safe a afka wa rugar da ta shekara arba'in tana maƙwabtaka da gari. Idan waƙarku ta raba tsakanin mai laifi da wanda ya yi tarayya da shi a harshe kawai, to ta yi mana aiki babba. Ban kuma ce namu ba sa laifi ba, domin akwai yaran da suke sakin shanu cikin gona da gangan, akwai manyan da suke ɓoye su, kuma ya kamata wannan baitin ya fito daga bakin Bafulatani da Fulatanci, shi ya tsara shi da kansa, kada a rubuta da Hausa a ba shi ya juya.

Akwai wani abu da samarin gari ba lallai su lura da shi ba. A wurinmu busa sarewa a daji bayan shanu abu ne na kowa, amma tsayawa a gaban taro ana liƙa wa mutum kuɗi sana'ar Bambaɗawa ce, waɗanda suka gaje ta, kuma uba mai garke ba zai so a ce ɗansa ya zama maroƙi ba. Idan kuna son dattijon ya saki jiki, ku tabbatar masa cewa babu liƙi, babu roƙo, babu kirarin masu kuɗi. Ku je da ƙafarku wurin ardo da goronku, tare da wani babba daga gari, kamar yadda kuka je wurin bulama, kada ku aika saƙo ta bakin yaro. Ku kuma duba lokaci, domin safiya ta tatsa ce da fita kiwo, yamma ta dawowar garke ce, ranar kasuwa bayan azahar ita ce ta fi sauƙi.

Game da barkwanci, Baba, ina neman afuwa, ina ganin a yi taka-tsantsan. Wasan yana tsakaninmu da Barebari, kowa ya san iyakarsa, amma Bahaushen da ba abokin wasanmu ba idan ya ari irin wannan magana zagi za a ji. Ko tsakanin abokan wasan ma, a garin da aka zubar da jini kwanan nan ba a fara da tsokana.

Almajirin Malamai, Ringim, ya amsa:

Assalamu alaikum. Zan taɓa ɓangaren liman kawai, kuma ba zan ba da fatawar da za ta haɗa yaro da limamin garinsu ba.

Waƙa a kanta magana ce, mai kyau tana da kyau, mummuna tana da muni, kuma ya tabbata a hadisi cewa daga cikin waƙa akwai hikima. Inda malamai suka yi saɓani shi ne kayan kiɗa. Da yawa sun hana, an yi rangwame a kan ganga mai fuska ɗaya a biki da ranar idi, wasu kuma sun faɗaɗa fiye da haka da sharuɗɗa. Limaminku yana da magabata a kan ra'ayinsa, saboda haka kada ku ɗauke shi maƙiyin zaman lafiya. A zatona ma abin da ya fi damunsa shi ne abin da taron kiɗa yake jawowa a ƙauyukanmu: kaiwa dare, cakuɗar maza da mata, shaye-shaye, da faɗan samari a kan budurwa, wanda shi kaɗai ya isa ya mayar da taron sulhu filin rikici.

Amfani da waƙa a harsuna daban-daban domin gyara jama'a kuwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi waƙoƙi da Fulatanci domin mutanen da ba sa jin Larabci, 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma tura malamai mata, waɗanda ake kiran kowacce jaji, suna kai su ga matan ƙauyuka su haddace. Idan kuka tunatar da liman wannan cikin ladabi, zai ga cewa hanyar tana da asali.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne, matsalar da kuke magana a kanta Alƙur'ani ya ambace ta. A Suratul Anbiya, aya ta 78 da ta 79, an ba da labarin Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu, amincin Allah ya tabbata a gare su, suna hukunci a kan gonar da tumakin wasu mutane suka shiga da dare. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik kuma akwai hadisin taguwar Barra'u ɗan Azib da ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hukunta cewa tsaron gona da rana yana kan masu ita, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuma masu dabbobin ne za su biya. Malaman fiƙihu sun yi bayanin sharuɗɗan wannan dalla-dalla, liman ya fi ku sanin su. Kun ga an ɗora wa kowane ɓangare nauyinsa, an kuma tabbatar wa kawunka cewa ɓarna biyanta ake yi. Ku kai wa liman baitocinku a rubuce kafin ku ɗauka, ku roƙe shi ya gyara muku, kada ku rera lafazin aya a kan kiɗa, ma'anar kawai za ku kawo. Idan da hali ku ɗauki waƙar iri biyu, ɗaya da murya zalla wadda ɗaliban Islamiyya za su iya rerawa, shi kuma liman ku roƙe shi ya yi huɗuba a kan waɗannan ayoyi a farkon kaka. Idan har za a yi taron, a yi shi da rana, a sanar da hakimi da 'yan Hisba tun da wuri.

Goggon Yara, Kafin Hausa, ta amsa:

Sannunku da ƙoƙari. Na karanta duk abin da aka rubuta, na ga har yanzu ba a ambaci matan gari da na ruga ba, alhali su ne suke riƙe da hanyar da ta rage tsakanin gari da ruga.

Bafulatana mai tallar nono tana shiga gidajen da mijinta ba zai taɓa tsallake zaurensu ba. Tana da ƙawa a kusan kowace unguwa, tana ajiye ƙwaryarta a ɗakinta, ana gayyatar ta suna da biki, ta ba da nono da man shanu ta karɓi hatsi ko kuɗi. Duk lokacin da rikici ya tashi, abu na farko da maza suke yankewa shi ne a daina sayen nono, a daina sayar wa ruga da hatsi, kuma yara ne suke fara jin jiki a ɓangarorin biyu. Ina aiki a ƙaramin asibitin ƙauye, na kuma lura cewa a irin wannan lokaci matan ruga suna daina zuwa awo da rigakafi saboda tsoron hanya. Ku sa wannan a cikin waƙarku, ɗana, domin magana ce da kowace uwa za ta gane ba sai an yi mata sharhi ba.

Ku kuma yi tunanin wanda zai rera waƙar bayan kun yi shiru. Waƙar situdiyo mai fiyano takan yi wata biyu a waya sannan a goge ta, amma wadda ta shiga gaɗa, ko ta hau kiɗan ƙwarya a gidan biki, ko ake yi a bakin turmi, takan kai jikoki. Ku yi amshi gajere wanda 'yan mata za su iya tafawa, rabi da Hausa rabi da Fulatanci, ku ba ƙannenku mata su gwada. Idan ba su ɗauka ba, amshin ne bai yi ba, ku sake.

Sai maganar kuɗin situdiyo. Za a samu ɗan siyasar da zai ce zai biya, musamman idan zaɓe ya ƙarato, kuma sharaɗinsa shi ne sunansa ya fito. Ranar da kuka karɓa, rabin gari ya daina jin ku, ruga kuma za ta tambayi wane ɓangare mutumin ya tsaya wa a rikicin bara. Gara ku yi adashi, ko ku yi ƙwadago a gonar riɗi ku tara, ku ɗauki waƙa biyu maimakon shida.

Ɗan Fadama ya sake rubutawa:

Na gode, iyayena da yayyena, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa abokaina duka, mun kuma amince mu jingine maganar taro, mu fara da zuwa wurin ardo tare da sarkin noma, sannan mu kai wa liman baitocin. Mai sarewarmu ya ce zai tsara nasa baitin, ya kuma tabbatar da abin da Yaya Ɗan Ardo ya faɗa a kan liƙi, wanda bai taɓa gaya mana ba.

Abu biyu ne suka rage mana. Idan muka ambaci bulama da ardo a matsayin waɗanda ake kai wa ƙara, muna tsoron waƙar ta koma yabon sarauta, wasu kuma su ce an saye mu. Na biyu, Malam ya ce mu faɗi lokacin sakin gonaki, amma wannan lokaci yana sauyawa gwargwadon yadda damina ta kasance, mu kuwa ba mu da kuɗin komawa situdiyo kowace shekara.

Malamin Gona ya amsa:

Ku ambaci kujera, kada ku ambaci wanda yake kanta, kuma kada ku haɗa da kirari. Ku ce a je wurin bulama da ardo tare, a tafi da shaida daga kowane ɓangare kafin sawun shanu ya ɓace, shi ke nan.

Game da lokaci, kada ku sa wata ko rana a cikin jikin waƙar. Ku ce a jira sanarwar hakimi, sannan ku roƙi mai situdiyo ya ba ku kiɗan zalla a memori, ya bar muku gurbi a farko. Duk shekara idan an yi zama an tsayar da rana, sai ɗayanku ya faɗe ta da Hausa, mai sarewa ya faɗe ta da Fulatanci, mai ganga da Manganci, ku ɗauka da waya ku manna a gaba, masu tura waƙa da yawa sun iya wannan haɗin. Amma ku tabbata daga bakin hakimi ko wakilinsa kuka ji ranar, domin idan kuka yaɗa ranar da ba ita ba, shanu suka shiga wake a kanta, ku za a fara nema.